Ƙusa Ɗaya Babu Lamba

Ni fa tun ranar Lahadin nan bakina ya ƙi rufuwa. Har mai sayar da burodi ta kwanar layinmu sai da ta ce, "Gudrun, caca kika ci ne?" Na ce mata ba caca ba ce, ƙanena ne. Sai ta dube ni wani iri, don duk unguwar nan an san Detlef yana kwance, an kuma san abin da likita ya ce. To shi ya sa na ce bari in faɗa tun daga farko, kada a ɗauka kaina ne ya taɓu.

Mu biyu ne wurin iyayenmu, na girme shi da shekara bakwai. Babanmu ɗan rami ne, kwal yake haƙa, kamar kowane uba a layinmu nan Bottrop. A bakin ramin akwai wani ƙaton allo cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da lamba ta tagulla a rataye. In mutum zai sauka sai ya cire tasa ya sa a aljihu, in ya fito ya mayar. In an tashi aiki aka ga ƙusa ɗaya babu lamba, ba wanda zai je wanka, ba wanda zai je gida. Akwai mutum a ƙasa ke nan. Ba wanda ya taɓa koya mana wannan. Da shi aka haife mu.

Ina 'yar shekara goma sha biyu ƙasa ta rufta wa Baba. Abokan aikinsa suka ƙi fitowa, suna ta tono har kwanaki, mu kuma muna tsaye a bakin ƙofa da Mama. Sun fito da shi, amma ba rai. Lambarsa tana cikin aljihunsa. Wani dattijo a cikinsu ya rataya ta a ƙusarta tukuna, kowa ya gani, sannan ya cire ya miƙa wa Mama. Ta jefa ta cikin gwangwanin sukari, ba ta sake buɗe gwangwanin ba har ta mutu.

Daga nan karatuna ya lalace, da ƙyar na ƙarasa. Mama ta shiga aikin goge-goge a ofisoshi, ni na zama uwar Detlef. Ni ke masa wanka, ni ke kai shi makaranta, ni ke dukan duk wanda ya dake shi. Yaro ne marar magana, kuma bayan mutuwar Baba sai ya ƙara rufewa. In an tambaye shi sunansa ni ke amsawa. Har yau in mun je asibiti likita ya ce, "Herr Pawlak, ina ke maka ciwo?" kafin ya buɗe baki na riga na faɗa.

Yana gama makaranta ya shiga ramin. Mama ta yi kuka, na yi zagi, ya tsaya yana kallon takalminsa, washegari ya tafi. Fiye da shekara talatin yana sauka yana fitowa. Ya yi aure, Marlies sunanta, mace mai son hira. Bayan 'yan shekaru ta haɗa kayanta, ta ce mini, "Gudrun, ba mugu ba ne, amma na gaji da zama da bango." Ban ga laifinta ba. Ya koma kiwon tantabaru a bayan gida. Da aka rufe ramin ya fara tari, aka duba aka ce ƙura ta cinye masa huhu, tantabarun ma sai ya rabu da su. Ranar da aka zo aka kwashe su ya zauna a kejinsu har yamma, babu ko tsuntsu ɗaya. Na dawo gidansa da zama tun daga lokacin, don nawa mijin ya riga ya rasu.

Abu ɗaya ya rage masa, wasannin kan tebur. Duk kaka yakan hau jirgin ƙasa ya je baje kolin da ake yi a Essen, ya wuni yana zaga rumfuna, ya dawo da kwalaye. Ni ce abokiyar wasansa ko ina so ko ba na so. Wata rana na shiga kicin na tarar da shi yana fere katako da wuƙar dankali. Na ce, "Auta, mene ne kuma wannan?" Ya ce, "Mutum." Ashe wasa yake haɗawa na kansa, wasan rami.

Shekaru ya yi a kansa. Allon ya zana hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Mutanen katako huɗu, kowa da 'yar ƙugiya a ƙirji. A gefe ya kafa ɗan ƙaramin allo mai ƙusa huɗu. Ga fararen maɓallai a jere, su ne iska, duk zagaye sai a cire ɗaya, in sun ƙare wanda ke ƙasa ya tafi. Ga kati, wani ya ba ka kwal, wani ya rufta maka ƙasa a kai. Lambobi uku ya yanka daga tsohon farantin tagulla. Ta huɗun, ranar da na gan ta sai da na nemi kujera na zauna. Ta Baba ce, ya buɗe gwangwanin sukarin Mama.

Da bazarar nan likita ya kira ni gefe ya ce kada in sa rai da wata kakar bayan wannan. Detlef ya ji, don kunnensa lafiya lau. Da muka dawo gida ya ce, "Ke kaɗai kika iya wasan nan, ke ma don ina zaune kusa da ke ne. In na tafi, katako ne kawai a kwali." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi a shekarar. Abin da yake so ke nan, ya ga baƙi sun yi wasan ba tare da shi ba, ya gani ko zai tsaya da ƙafarsa. Ya aika wa kamfanoni saƙo, duk shiru, sai wata mata, Frau Lindhorst, mai ɗan ƙaramin kamfanin buga wasanni. Ta ce ya zo rumfarta ranar ƙarshe da rana, za ta ba shi tebur.

Muka tafi. Shi da tukunyar iskarsa a bayan keken guragu da na aro a coci, robar a hanci, kwalin a cinya ya rungume shi da hannu biyu. Ni ina turawa, ga filas na kofi da burodi da cuku a jaka. Mutane kuwa kamar an buɗe tafki. Kowa yana jan akwati mai taya cike da kwalaye, wannan ya taka ni, wancan ya buge keken. Zafi, surutu, warin soyayyen dankali da gumi. Kafin mu ratsa zaure biyu leɓensa ya fara yin shuɗi.

Na ce, "Mu koma gida, Auta. Wallahi ba zan tura gawa cikin jirgi ba, kuɗin tikitinta ya fi ƙarfina."

Ya ce, "Tura."

Rumfar Frau Lindhorst tana can lungu kusa da bayi. Mace ce siririya, muryarta ta dishe don kwanaki tana bayani. Ta gaishe mu da mutunci, ta ce, "Herr Pawlak, ka san yadda muke yi ko? Zan shimfiɗa wasan, in ajiye takardar dokokin da ka rubuta, duk wanda ya zo ya zauna ya karanta ya yi. Kai ba ka cewa komai. Ko sun yi kuskure, ko sun tambaye ka. Wanda zai saya a kanti ba da kai zai tafi gida ba."

Na ce, "Shi ai ba sai an roƙe shi ba."

Detlef ya nuna ni da yatsa. Ya ce, "Ita."

Matar ta yi dariya ta ce, "Har da ke, Frau Gudrun. Kalma ɗaya, an ɓata gwajin."

Sai da ya sa na rantse da kabarin Mama. Muka koma gefe, jikin bango, kamar ba mu san wasan ba.

Tebur na farko samari huɗu ne, 'yan jami'a da alama, masu saurin karatu. Ɗaya ya karanta dokokin da ƙarfi, suka ciri lambobin suka rataya wa mutanensu, suka sauka. Daidai suke komai. Har na fara taɓa kafaɗar Detlef. Can sai kati ya faɗo wa mai jar riga, ƙasa ta rufta wa mutuminsa. Na leƙa, lambar Baba ce a ƙirjinsa.

Sauran ukun suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Sai wata rana, abokina! Ka gaishe da tsutsotsi!" Suka ci gaba da kwasar kwal, suka yi tsere zuwa kejin da ke hawa da mutane, suka fito, kowa ya mayar da lambarsa. Suka ƙirga kwal kowa nasa, wani mai tabarau ya ɗaga hannu sama wai ya ci. Mai jar rigar ya ɗauki mutuminsa ya kwantar da shi a bayansa, ya ce, "Allah ya ji ƙan maza," ya ɗauki jakarsa. Suka ce wasan ba laifi, suka wuce rumfar gaba.

Ƙusa uku da lamba, ɗaya babu. Na ciji harshena har na ji gishiri. Detlef bai motsa ba, sai dai numfashinsa yana fita kamar ana zuga tsohon zugazugi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun ranar da muka tsaya a bakin ƙofar ramin, yana riƙe da siket ɗina.

Frau Lindhorst ta zo ta durƙusa kusa da shi. Ta ce, "Yana tafiya da kyau, tsere ne mai daɗi. Sai dai irinsa suna da yawa a kasuwa, gaskiya."

Ya ce, "Ba tsere ba ne."

Ta ɗauko takardar ta sake dubawa. Ni ma na karɓa, ina bi da yatsa don karatuna a hankali yake. Ya rubuta yadda ake tafiya, yadda ake haƙa, yadda ake tono wanda ƙasa ta danne. A ƙarshe ya ce wasa ya ƙare in an tashi aiki, sai a ƙirga kwal. Shi ke nan. Bai ce kwal ɗin na kowa da kowa ne ba, kamar yadda ake biyan 'yan rami a ƙungiya. Bai ce ba a tashi aiki sai duk ƙusoshi sun cika ba. Ni ma da na karanta takardar nan a gida sau da yawa ban ga abin da ya ɓace ba, don a kaina yana nan.

Na ce, "Auta, ba ka rubuta ba! Ba ka ce sai an koma an ɗauko mutum ba!"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce, "Ana rubuta wa mutum ya yi numfashi?"

Frau Lindhorst ta duba agogonta. Sannan ta ce mai wasan da zai karɓi teburin bayanmu bai iso ba, za ta iya ba mu zama ɗaya. Ta miƙo biro, ta ce ya ƙara layin yanzu. Na riga na miƙa hannu zan karɓa, ya riƙe mini wuyan hannu. Ƙarfin da ya rage masa duk ya sa a nan.

Na ce, "Kai ka haukace? Dama ɗaya ta rage maka a duniya!"

Ya ce, "Bari."

Na ce masa jaki, na ce masa kan dutse irin na Baba. Ya rufe ido. Matar ta mayar da bironta aljihu ta sake jera wasan.

Tebur na biyu ba su san juna ba. Wani mai tumbi da rigar ƙwallo, bakinsa ba ya hutawa. Miji da mata 'yan tsaka-tsaki a shekaru, masu magana ƙasa-ƙasa. Sai wata mata mai gajeren gashi da ta zauna don ƙafarta ta gaji, ta ma cire takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur. Daga baya na ji sunanta Birte, direbar bas ce a Duisburg.

Suka fara. Mai tumbin nan ya yi ta cika baki, "Ku matsa, sarkin kwal ya zo! Kakana da haƙori yake haƙa!" Lambar Baba a wurinsa ta faɗa, abin ya ƙona mini rai. Ya kutsa can ƙuryar rami don haɗama, inda kwal ya fi yawa. Iska ta yi rabi, ta wuce rabi. Sai ga katin nan. Ƙasa ta rufta masa.

Ya ce, "Kai! Wane mugu ne ya haɗa wasan nan?" Mugun yana bayansa yana shaƙar roba.

Mijin da matar suka yi sauri suka hau keji suka fito, suka mayar da lambobinsu. Birte ita ta fi kowa kwal, taki ɗaya ya rage mata ta shiga keji. Ta jefa ɗan ludo, ya ba ta fiye da abin da take buƙata. Ta ɗaga mutuminta. Na sunkuyar da kai, na fara tunanin yadda zan tura keken nan cikin mutane har tasha, da abin da zan ce masa a hanya.

Ban ji ta ajiye ba. Na ɗago. Tana riƙe da mutumin a sama, idonta a kan ɗan allon ƙusoshin.

Ta ce, "To in na rataya tawa, waccan ɗayar fa?"

Mijin ya ce, "Tasa ce. Ya mutu ai."

Ta ce, "Bai mutu ba, akwai sauran iska." Ta jawo takardar ta duba gaba da baya. "Ba a ce komai ba."

Matar mijin ta ce, "To ki fito ki ci abinki mana."

Birte ta sosa kai. Ta ce, "Ni fa in na kai ƙarshen layi sai na zaga bas na duba kujeru kafin in kashe fitila. Ba na iya barin abu haka, yana cizona." Ta juya mutuminta, ta mayar da shi cikin rami.

Mai tumbin ya ce, "Baiwar Allah, lafiyarki? Ni ko matata ba za ta dawo mini ba!"

Ta ce, "Rufe mana baki ka riƙe iskarka, sarkin kwal."

Hannun Detlef ya kamo nawa. Farcensa ya shige mini fata, ga alamar nan har yanzu.

Ta isa wurin ta fara tono, amma mutum ɗaya ba ya iyawa da sauri, haka Detlef ya tsara shi. Maɓallan suna ta raguwa. Mijin nan ya yi ta kallo, ya yi tsaki, ya miƙa hannu ya cire lambarsa daga ƙusa ya sake sauka. Matarsa ta ce, "Kai ma?" Ya ce, "To in zauna ina kallo?" Ita ma ta cire tata. Mutanen da ke layin bayi suka fara juyowa. Mai tumbin ya daina wasa da baki, yana ta cewa, "Shida, don Allah shida," duk lokacin da wani zai jefa. Suka tono shi. Suka kamo hanya su huɗu. Ana ganin keji, Birte ta sa hannu za ta cire maɓallin zagayen, sai ta ga shi ne na ƙarshe.

Duk suka mutu a ƙasa. Ƙusa huɗu, babu lamba ko ɗaya.

Sai mai tumbin ya daki tebur har mutanen katakon suka yi tsalle. Ya ce, "A sake! Laifina ne, na yi nisa da yawa. A sake, wannan karon tare za mu tafi."

Wani irin sauti ya fito daga ƙirjin Detlef, na zaci shi ke nan, na fara laluben makunnin tukunyar. Ashe dariya ce. Rabona da dariyarsa tun tantabaru suna nan. Ta juye ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa, har sai da aka kira masu agajin gaggawa na wurin. Suna gwada shi yana leƙen tebur ta ƙarƙashin hannunsu. Ni kuwa rantsuwa ta ƙare, na tsaya tsakiyar rumfar nan ina ihu, "Ƙanena ne! Shi ya yi shi! Da wuƙar dankalina!"

Mai tebur na gaba ya iso, ba a sake ba. Amma Frau Lindhorst da kanta ta mayar da komai cikin kwalin, ta ce za ta tafi da shi ofis. Ta ce, "Ba alkawari na yi ba, Herr Pawlak. Kuma ban sani ba tukuna ko a rubuta layin nan ko a bar shi. Sai na gwada da mutane da yawa." Ya gyaɗa kai. Sai ta ɗago lambar Baba, ta juya ta a hannu, ta ga yadda ta sha hannu ta goge. Ta ce, "Wannan ba ta wasa ba ce, ko?" Na ce ta babanmu ce. Ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce za ta yanka wata da kwali.

Birte ta sa takalminta ta zo ta ce masa, "Malam mai wasa, ka kashe mu duka, ka kyauta." Ya ɗaga mata hannu ya yi mata gaisuwar 'yan rami, "A fito lafiya." Ba ta san ta ba, amma ta mayar masa.

A jirgi ya yi fari fat, iskar tukunyar ta kusa ƙarewa, ina ta kallon allurarta ina ƙirga tashoshi. Cinyarsa babu kwali, bai san inda zai sa hannunsa ba. Muna dab da sauka ya buɗe ido ya ce, "Kin gani? Ta koma." Na ce na gani, Auta. Ya ce, "Ba wanda ya faɗa mata."

Tun ranar bai sake tashi daga gado ba. Likita ya zo ya ce tafiyar ta ci masa abin da ya rage, ya yi mini faɗa, na bar shi ya gama. Miya cokali biyu yake sha ya kau da kai. Frau Lindhorst ba ta bugo ba, kuma bai tambaya ba ko sau ɗaya.

Jiya ya sa na kafa ƙusa a bango, daidai inda yake gani daga gadon. Na buge yatsana sau biyu, ya ce mini ban iya riƙe guduma ba. Na ce to taso ka yi da kanka, malalaci. Na rataya lambar Baba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi barci, ni kuma na koma kicin na kunna rediyo ƙasa-ƙasa, na yi rawa ni kaɗai da silifas.